Ciyawar da ta fito a kan tudun kuza: a share ta ko a bar ta?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya bar mana fili a wajen Bukuru, kusan rabinsa tsohon wurin haƙar kuza ne, tudun jar ƙasa da tsakuwa, ga kududdufi a gefe. Sau biyu muna shuka masara da takin zamani, ko kuɗin takin ba mu mayar ba. Yanzu kyasuwa da tafasa da wasu ƙayoyi sun fara cin wurin. Yayana ya ce a banka wuta a share, a dasa turare kamar yadda gwamnati ta yi a da. Wani kuma ya ce mana ciyawar ce ke gyara ƙasar, mu bar ta. Wanne ne gaskiya, kuma shekara nawa za mu jira?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. In na fahimce ka, ɗan'uwa, abu uku kake son sani: me ya hana masara yi duk da taki, ko ciyawar da ta fito da kanta tana da wani amfani, sannan tsakanin turare da barin ciyawa wanne zai kai ku ga gonar da za a ci. A taƙaice, wanda ya ce ku bar ciyawar ya fi kusa da gaskiya. Sai dai bari kawai a naɗe hannu ba zai wadatar ba, domin abin da ciyawa za ta yi ita kaɗai cikin shekaru masu yawa, kuna iya rage masa tsawo sosai in kun taya ta. Kada ku sa wa wurin wuta ko sau ɗaya.

Abin da haƙar kuza ta yi wa ƙasar

Tun wajen 1904 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunin Jos, aikin ya kai ƙololuwarsa a 1943 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi ta ja da baya har faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa manyan kamfanonin. Filin da aka yamutsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 300, daga Naraguta da Rayfield da Bukuru har Barkin Ladi. Yadda aka yi haƙar shi ne tushen matsalarku. Kuzar tana kwance ne a ƙarƙashin tsofaffin hanyoyin ruwa, don haka sai an kwashe duk abin da ke samanta. Injin da ke kwasar ƙasa kuwa abin da ya fara ɗiba shi yake fara zubarwa. Ƙasar sama, baƙar nan mai rai, ita ta koma can gindin tudu, jar ƙasa da yumɓu da tsakuwar da suka fito daga zurfi suka hau kanta. Wato filin naku a kife yake.

Ƙasar da ta fito daga zurfi ba ta taɓa ɗaukar tsiro ba. Babu ruɓaɓɓen ganye ko saiwa a cikinta, babu tana, babu ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda ke mayar da ganye taki. Naitirojin, sinadarin da kuke saye a buhun yuriya, kusan babu shi sam, domin shi ba daga dutse yake fitowa ba, a cikin ruɓaɓɓen abu ƙasa take ajiye shi. Fosfaras, wanda ke cikin takin sufa, kaɗan ne, kuma jan ƙarfen da ya ba ƙasar launinta yana riƙe shi gam yadda saiwa ba ta iya ja. Ga tsami. Ga kuma taurin da nauyin injuna da dukan ruwan sama suka jawo, har saman ƙasar ya zama fako: ruwa ya sauka, ya gangara, ya tafi da ɗan abin da ya samu.

A nan ne kuɗin takinku ya salwanta. Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa daga Afrilu zuwa Oktoba. Abin da ke riƙe taki a cikin ƙasa har tsiro ya sha shi ne ruɓaɓɓen abu, in babu shi, zuba kamfa da yuriya a irin wannan wuri ɗiban ruwa ne da kwando. Masara kuma ba ta san haƙuri ba, tana cikin amfanin gona mafi cin abinci. Kun kai mata wurin da ko acca sai ta yi da ƙyar.

Aikin da ciyawar ke yi

Tsirran da ke fara kama irin wannan fili, waɗanda za mu kira 'yan share fage, halinsu kusan ɗaya ne ko'ina a duniya: iri mai yawa kuma mara nauyi da iska ko gashin dabba ke ɗauka, saurin girma, da iya rayuwa da abinci kaɗan. Kafin ma ciyawa, in ka duba inda danshi ke daɗewa, za ka ga wani baƙi-baƙi ko kore-kore ya shafe ƙasa kamar gansakuka. Wannan ma rai ne, yana ɗaure ƙwayoyin ƙasa, wani irinsa har naitirojin yake kamawa daga iska.

Ka je filin da rani, ka durƙusa a gindin kyasuwa guda ɗaya, ka sa yatsa. Za ka tarar da 'yar tudun ƙasa mai laushi ta taru a jikinta, launinta ya fi na kewaye duhu, da guntayen ganye da kashin awaki da iska ta turo suka maƙale. Wani ɓangare na wannan laushin ƙurar hunturu ce da ta taso daga arewa, kuma ƙurar nan tana ɗauke da sinadaran da ke rage tsamin ƙasa. A fili tsirara iska ce za ta wuce da ita, ruwan farko ya wanke saura. Ka ɗaga busasshen karan da ya kwanta, sau da yawa za ka ga gara ta lulluɓe shi da ƙasa, ta huda ramuka zuwa ƙasa. Ramukan nan su ne ƙofar da ruwan damina zai bi ya shiga maimakon ya gudu. A gonar da ke da amfani ana ƙin gara, a kan fako kuwa ita ce babbar ma'aikaciya.

Abin da ke ƙarƙashi ya fi wanda ke sama muhimmanci. Ciyawa tana zuba saiwoyi sirara masu ɗimbin yawa, wani kaso nasu yana mutuwa duk shekara ya ruɓe a inda yake. Wannan taki ne da aka riga aka binne ba tare da garma ba, kuma kowace saiwa da ta ruɓe ta bar hanya. Saiwa mai rai kuma tana fitar da wani ruwa mai zaƙi da ƙwayoyin bakteriya ke ci, su kuma su fitar da danƙon da ke haɗa ƙasa ta zama ƙananan dunƙule. Akwai kuma wata irin funfuna mai siraran zare da ke shiga cikin saiwa, ta miƙe nesa cikin ƙasa, tana kawo wa tsiron fosfaras da ruwa, shi yana ba ta abinci. Yawancin amfanin gona da itatuwa suna dogara da ita, kuma a ƙasar da aka tono daga zurfi ba a samun ta sai ciyawa ta fara zama.

Ganyen da ke sama yana tare dukan ruwan sama, wanda shi ne ke fasa ƙasa ya toshe mata ƙofofi, yana kuma rage zafin rana a kan ƙasar yadda ƙaramin tsiro ba zai ƙone ba. Ƙayoyin da ka ambata ma suna da nasu: tsuntsu ya sauka a kai ya yi kashi, a cikin kashin akwai irin itatuwa, ƙayar kuma ta kare tsiron daga bakin akuya. Shi ya sa za ka ga sababbin itatuwa a tsohon wurin haƙa yawanci daga tsakiyar ƙaya suke fitowa. In aka jima, ciyawa mai daɗewa irin su gamba sai ta danne kyasuwa, itatuwa su zo su yi wa gamba inuwa. Kowane rukuni yana gyara wurin ne yadda zai dace da wanda zai kore shi.

Maganar naitirojin, da wani kuskure game da tafasa

In aka tambaye ni abu ɗaya da ke jinkirta farfaɗowar irin wannan ƙasa, naitirojin zan ce. Anthony Bradshaw na Jami'ar Liverpool da abokan aikinsa, waɗanda suka daɗe suna nazarin tudun sharar haƙar farin yumɓu a Cornwall ta Ingila, sun nuna cewa sai ƙasa ta tara wajen kilo 1,000 na naitirojin a kowace hekta kafin tsirrai su iya ci da kansu ba tare da an ƙara musu taki ba. Abin da ruwan sama ke kawowa a shekara kilo kaɗan ne. Da shi kaɗai za a dogara, sai jikoki. Amma tsirran dangin wake, in sun kama da kyau, suna iya tara kilo hamsin zuwa ɗari ko fiye a shekara guda. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, tsiro ne dai ba ya iya cin sa kai tsaye sai ta hannun wasu bakteriya da ke zama a saiwar dangin wake.

Kana iya ganin wannan da idonka. Ka tono tsiron da fartanya a hankali, kada ka fizge, ka wanke saiwar. In akwai 'yan ƙwallaye manne da ita irin waɗanda ake gani a saiwar gyaɗa, ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki yake yi. In fari ne ko kore, zaman banza yake.

Ka gwada wannan da tafasa, ba za ka sami ƙwallo ko ɗaya ba. Mutane da yawa, har da wasu malaman gona, suna ganin tana yin kwanso kamar wake sai su ɗauka tana ƙara naitirojin. Ba ta yi. Haka rai-ɗore, haka kalgo. Wannan bai sa su zama marasa amfani ba, tafasa tana rufe ƙasa, dabbobi ba su cika damunta tana ɗanya ba, ganyenta kuma yana saurin ruɓewa. Amma abin da ta tarar a ƙasar shi take juyawa, ba ta kawo sabo. Masu kawo sabo su ne irin su baba, da magimfa, da zamarke a gefen ruwa, da ɗunɗu da bagaruwa da gawo cikin itatuwa. Cikin waɗanda ake shukawa kuwa, biyu na fi ba mutane shawara a kansu. Na farko sitailo, ciyawar kiwon nan da aka yi ta gwadawa da makiyaya a yankin Kachia a shekarun 1980, tana jure tsami da ƙarancin fosfaras, ana kuma neman irinta a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya. Ɓawon irin nata yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi na 'yan mintoci kafin a watsa. Na biyu waken turawa, mai doguwar saiwa da ke huda ƙasa mai tauri, wanda bincike ya nuna saiwarsa tana fitar da wani ruwa da ke kwance fosfaras daga riƙon jan ƙarfe. A jar ƙasa irin taku wannan ba ƙaramin abu ba ne, ga shi kuma ana cin waken.

Turare ko gawo

Yayanka ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar turare ba. Bayan dokar ma'adinai ta 1946, gwamnati ta kafa sashen gyaran filayen haƙa, aka riƙa baje tuddai ana dasa turare, da niyyar in ƙasar ta farfaɗo a mayar wa manoma. Ɗan kaɗan ne daga cikin filin aka taɓa, amma dazuzzukan suna nan ana gani. Da M. J. Alexander na Jami'ar Durham ya auna ƙasar da ke ƙarƙashinsu, a binciken da ya fitar a 1989, sai ya tarar turaren bai kai ƙasar inda aka yi fata ba, tsaminta ma ƙaruwa ya yi, sinadaran da amfanin gona ke bukata suka ragu. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa shiga dajin turare: ganyen yana da mai da tauri, yana daɗewa bai ruɓe ba, ciyawa ba ta son gindinsa, sannan duk lokacin da aka sare itacen aka kai kasuwa, abincin da ya zuƙa daga ƙasar ya tafi ke nan. Shi wannan mai binciken ya auna ƙasar gindin gawo a kan irin tuddan nan, ya ga ta fi ta kewaye ruɓaɓɓen abu da sinadarai. Manomin Hausa ba zai yi mamaki ba. Gawo yana zubar da ganye ne da shigowar damina, daidai lokacin da shuka ke bukatar taki da rana, da rani kuma shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna kashi. Aibinsa guda, jinkirin girma a shekarun farko.

Ban ce turare haramun ba ne. In kuna bukatar kuɗin azara da itacen girki, ku dasa shi layi ɗaya ko biyu a kan iyaka ko a gangaren da ba za a taɓa nomawa ba. Amma inda kuke fatan gona, kada ya shiga.

Yadda nake ba da shawarar a taya ciyawar

Mafi yawan wuraren da na ga gyara ya tsaya cak, wuta da kiwo ne suka tsayar da shi, ba rashin iri ba. Wuta tana mayar da naitirojin ɗin da ke cikin busasshiyar ciyawa iska cikin 'yan mintoci, ta bar ƙasa tsirara daidai lokacin da ruwan farko mai ƙarfi zai sauka. Ku share hanyar tare wuta kewaye da filin da zarar damina ta ɗauke. Kiwo kuwa maganarsa sai da lalama, kuma kun fi ni sanin yadda take a yankinku. Shanun da suka kwana a fili da rani alheri ne saboda kashinsu, waɗanda suka cinye tsiro tun yana ƙarami da damina su ne ɓarna. In za a iya yin magana da makiyayan da ke kusa a kan lokaci, ya fi shinge. In shinge za a yi, na ƙyarana da mutanen tsaunin suka saba da shi yana aiki.

Daga nan sai tsayar da ruwa. Ku jera duwatsu a kwance a gicciye da gangare, ku dasa jema ko gamba a bayansu kusa-kusa. Saiwar jema tana nitsewa ƙasa sosai, kuma ba ta yaɗuwa ta cinye gona. Tofa kuwa, ko da ta fito da kanta, kada ku bar ta ta yi ƙarfi, tana riƙe ƙasa amma fitar da ita daga baya wahala ce, ga ta da son wuta. A inda ya zama fako sosai, dabarar tassa da manoman yankin Tawa a Nijar suka farfaɗo da dubban gonaki da ita tana da amfani: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda, ruwa ya taru. Sai dai su ƙarancin ruwa ke damunsu, ku kuwa yawansa. A wurin da yumɓu ya yi yawa ramin zai cika ya kashe tsiron, don haka can kunya za ku tayar, ramin ku bar wa wurin tsakuwa.

A kowane rami ku ƙara abu biyu. Ɗan sufa kaɗan, domin dangin wake ba sa kama naitirojin in babu fosfaras. Da kuma tafi guda na ƙasar sama daga tsohuwar saura ko gindin itatuwan da ba a taɓa haƙa ba. Wannan tafin ƙasar yana ɗauke da bakteriya da funfunar da na ambata, da irin ciyayi iri-iri. Ba ya cin ko sisi, kuma bambancin da yake kawowa a bayyane yake tun a daminar farko.

Kududdufin ma dukiya ce. Masu lambun rani a gefen Dilimi da Rayfield sun daɗe suna mayar da tsohon wurin haƙa gonar latas da kabeji da karas ta hanyar ban ruwa da taki da tokar bola, wadda ke kashe tsamin ƙasa, kuma awon da aka yi ya nuna sun gyara ƙasa fiye da dazuzzukan turaren gwamnati. Kuna iya ware ɗan yanki kusa da ruwan ku yi haka don samun na cefane yayin da sauran filin ke farfaɗowa. Tokar itacen girki ta fi ta bola aminci, saboda bolar yanzu cike take da batir da roba. A kula da yara, gefen waɗannan kududdufai a tsaye yake, suna da zurfi, sun ci rayuka da yawa.

Game da shekaru, ba zan iya yanka maka lokaci daga nesa ba, sai an ga filin. Abin da na saba gani shi ne, in an tare wuta da kiwo, an sa dangin wake, cikin damina biyu zuwa uku ƙasa tana rufuwa har a fara yankar ciyawar dabbobi. Ku yanka rabi ku bar rabi ya kwanta. Bayan haka acca da wake su ne gwajin farko, masara da dankalin turawa su zo a ƙarshe, su ma da takin gargajiya. Wurin yashi da tsakuwa zalla ya fi na jar ƙasa jinkiri nesa ba kusa ba.

Inda tsiro ba ya magani

Duk abin da na faɗa maganin ƙasar da ta talauce ne, ba ƙasar da ta gurɓace da guba ba. Sa'ar da aka yi, yawancin tuddan kuza na Jos yunwa ce ke damunsu. Amma inda aka wanke kuza ko aka tace ta, akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ake bari, wanda ke ɗauke da ma'adinan da ke fitar da tururin nukiliya fiye da na ƙasar yau da kullum. Ciyawa tana iya rufe shi ta hana iska kwasa, amma ba ta cire abin da ke cikinsa. Kada a yi lambu a kansa, kada a ɗebe shi a yi bulo ko yaɓen ɗaki.

Wanda kuma filinsa na wurin haƙar zinariya ne ko dalma, maganarsa daban ce gaba ɗaya. A Zamfara a 2010, ƙurar dutsen zinariya mai gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Maganin da aka yi shi ne kankare ƙasar sama aka kai ta rami aka binne, aka zubo sabuwa. Dalma ba ta ruɓewa, wasu tsirrai ma zuƙarta suke yi, ta bi ganye da ƙurar da ke jikinsa ta shiga cikin dabba ko tukunyar miya. A irin wannan wuri koren ciyawa ba shaidar lafiya ba ne.

Don haka kafin ku sa abin ci a yankin da kuke zargin an yi wanki, ku ɗebi ƙasa daga wurare da dama a zurfin taƙi guda, ta tudu daban, ta gefen ruwa daban, ta inda yashin ya yi baƙi daban, kowace a ledarta da alama. Ku kai sashen nazarin ƙasa na jami'a ko ofishin aikin gona na jiha, ku ce a duba muku tsami da fosfaras da ruɓaɓɓen abu, ku kuma ambata musu cewa tsohon wurin haƙa ne domin su haɗa da awon dalma da sauran ƙarafa masu guba, wanda ba a cika yin sa ba sai an nema.